Shaidar da Na Bayar a Kan Ɗana

Sojojin ƙetare ne suka kwashe ɗana daga garejin da yake walda, suka danƙa masa bindiga suka tasa shi gaba. Da namu sojojin suka kama su gaba ɗaya, sai ya ce shi ma ɗan can ne. Ni ban san ya faɗi haka ba. Wa zai gaya mini?

Na dai ji yana tsare a bariki cikin baƙi, na ɗauka kuskure ne. Na zauna a bencin ofishinsu har masu shara suka san ni, ina gaya wa duk mai kaki cewa yaron nan namu ne, a ɗakina na haife shi. Suka ce in kawo shaida. Na je na riƙo hannun ungozomar da ta yanke masa cibiya, tsohuwa tukuf, har gaban hafsansu. Ta faɗi baƙin tabon da ke cinyarsa ta hagu, aka duba aka gani. Hafsan har kujera ya ja mini, wai sannu da ƙoƙari, Mama.

Aka shigo da shi, duk ya rame. Na miƙa hannu, ya kau da kai.

"Ban san matar nan ba," in ji shi.

Na zaci duka ne ya taɓa masa hankali. Na kira shi da sunan da nake kiransa tun yana goye. Ya waigo kafin ya ankara, hafsan yana kallo.

Sai daga baya lauyan da aka ba shi ya zaunar da ni. Wai baƙon da aka kama a fagen daga fursunan yaƙi ne, musaya ake yi ya koma gida. Ɗan ƙasa kuwa maci amana ne, hukuncinsa rataya. Na tambaye shi wane mara imanin ne ya hana a gaya mini haka tun farko. Ya ce ba aikinsu ba ne.

Ranar musaya ina bakin ƙofa motoci suka fito da waɗanda suka sace shi, suna ɗaga hannu ta taga. Shi kuwa gidan yari aka wuce da shi.

A kotu na miƙe ba tare da an kira ni ba. Na ce ƙarya na yi, ban taɓa haihuwa ba, tsohuwar ma ni na koya mata abin da za ta faɗa. Alƙali ya ce hukuncin shaidar zur ɗauri ne, ko na sani? Na ce ya ɗaure ni, amma a kawo mini hafsan nan ya faɗa da bakinsa me ya sa ya yi shiru yana kallona ina kashe yaro.

Daga inda aka tsai da shi, ɗana ya ɗago kai.

"Inna, zauna. Ƙafarki za ta kumbura."

Kowa ya ji.