Kan Mai Kitso

A unguwarmu ta Matamaye, in damina ta gabato ba sai ka duba sama ba, duba ƙofar gidan Najaha mai kitso. Lokacin ne mazajenmu ke dawowa daga cin rani a Kano da Ikko, kuma ba matar da ke son mijinta ya tarar da kanta kamar sheƙar tsuntsu. Tun da hantsi mukan cika mata tabarma. Najaha kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Abincinta ma sai ya huce a kwano tana cewa bari ta ƙarasa wannan layin.

Ran wata Laraba ni ce a gabanta, na kwantar da kai bisa gwiwarta tana yi mini shuku. Shekara tara tana yi mini kitso, na san hannunta: in ta ja gashi sai ka tuna da iyayenka. Amma ran nan jan ba ƙarfi, tsinken kitson ya faɗi har sau uku. A na ukun da ta sunkuya ɗauka, ɗankwalinta ya zame.

Duk muka zuba wa kanta ido. Kitson da ke kanta tun na ƙaramar salla ne, ya cukurkuɗe ya dunƙule. Macen da ta gyara kan unguwa kaf, nata ko tsifa bai samu ba. Ni dai kunya ta kama ni, don ban taɓa tambayar wa ke yi mata ba.

Ba ta yi saurin rufewa ba. Ta dubi babban yatsanta na dama, ta gaya mana cewa wata biyu ke nan ba ta jin sa sosai. Ta je likita, an ce ta hutar da hannun sati biyu, in ba haka ba wata rana ko cokali ba zai riƙe ba. Ta ɓoye maganar don kada a ce ta watsa wa mutane ƙasa a ido.

Hajiya Zuhra, wadda ke bayana a layi, ta ce mijinta Alhaji gobe zai sauka, a daure a yi nata ko kalaba huɗu ce, Allah zai ba da lada.

Najaha ta ɗaura ɗankwalinta a nutse. "Hajiya, ki yi haƙuri. Kanki zai jira sati biyu. Hannun nan in ya tafi ba zai dawo ba."

Ta naɗe tabarma muna kallo. Ni da rabin kai kitsattse, rabi a tsefe! Na tafi gida ina ta masifa a hanya, har na rantse na bar ta ke nan. Wasu kuwa da gaske suka koma wurin wata mai kitso a bakin kasuwa, Hajiya Zuhra ce a gaba.

Washegari da azahar na ɗauki fushina na nufi gidanta. Aka ce tana wurin Inna Baiwa, tsohuwar da ta koya mata sana'a. Can na same su a inuwar dalbejiya. Najaha na zaune a ƙasa, hannu naɗe da tsumma, kanta bisa cinyar tsohuwa, tana barci har da minshari. Inna Baiwa na warware mata gashi a hankali da man shanu. Ta ɗago ta harare ni, ta ɗora yatsa a baki. Na zauna. Faɗan da na zo da shi na neme shi na rasa. Ban taɓa ganin Najaha a zaune hannunta ba aiki ba sai ran nan, kuma wallahi ta burge ni. Ni da ko ciwon kai ba na iya faɗa wa surukata, ga wadda ta dubi unguwa guda ta ce ta gaji.

Maigidana Illa ya dawo ya tarar da rabin shuku. Ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma bai mutu ba.

Da sati biyu suka cika ta shimfiɗa tabarma, da sabuwar doka: kai huɗu a rana, Juma'a kuwa ranar kanta ce. Ni ta fara kira. Ta tsaga gashin, ta kama, ta ja, sai da hawaye ya zubo mini.

Ta ce, "Da zafi?"

Na ce mata ta ƙara ja.