Tari Biyu

Ranar Litinin aka ja tsofaffin jiragen yaƙin zuwa ƙarshen fili, aka kwance musu injina, aka lulluɓe su da tamfol. Shekara ashirin da biyu Tsoho yana tuƙa su. Ba wanda ya yi jawabi. Da rana aka liƙa takarda a allon sanarwa: duk matuƙin da ke son hawa sabon jirgin yaƙi sai ya yi zama goma a cikin Akwati, ya ci gwaji a na ƙarshe. Wanda ya faɗi, akwai tebur da kujera suna jiransa a ofishin tsare-tsare.

Akwati shi ne sunan da matuƙa suka sa wa na'urar koyon tuƙi. Tana cikin wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar inda ake ajiye gawa. Ƙoƙon jirgi ne ba fukafukai, a kan ƙafafun ƙarfe masu karkata shi duk inda aka so, ga allo ya kewaye shi yana nuna sama da ƙasa da abokan gaba. In mutum ya mutu a ciki, allon ya yi baƙi, a kunna fitila, ya fito ya sha shayi.

Shekarun Tsoho arba'in da takwas, amma a cikin masu tuƙa jirgin yaƙi wannan shekarun kakanni ne. Matarsa ta rasu bara. Ta bar masa ɗakuna huɗu, da firji mai gurnani, da kabad cike da littattafai waɗanda ya karanta har ya fara gyara wa marubutan kuskure da fensir. Sama ce kaɗai wurin da ba a kallonsa da idon tausayi. In aka raba shi da ita, ya san abin da ya rage: tebur da safe, firji da yamma.

Mai koyarwa a Akwati kuwa ba kowa ba ne illa Auta, ƙanin marigayiyar. A gidan Tsoho ya zauna ya yi sakandare, a motarsa ya koyi tuƙi, shi ya karya mata fitilar baya. Yanzu shi ke zaune bayan gilashi da maɓallai a gabansa, yana aiko wa mijin yayarsa hadari da makamai.

"Yaya, ka sake mutuwa," in ji Auta ta cikin kwalkwali, a zama na uku. "Na huɗu ke nan yau. Ko in sa a fito da kujeru, mutane su fara zuwa ta'aziyya?"

Sai da maganar ta fita Auta ya tuna wanda yake gaya wa.

"Mayar da ni sama, ja'iri," in ji Tsoho. "Da baki ake koyarwa, da ka zama farfesa."

Ba harbi ne ya dame shi ba. Maɓallan sun fi na tsohon jirgi yawa sau uku, ya haddace su cikin kwana huɗu kamar karatun yara. Ya koyi kama abokin gaba a allo, ya koyi kauce wa makami mai linzami. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wani ɗan agogo da bai fi tafin hannu ba, wanda ke nuna wa matuƙi yadda jirgi ya karkata in ya shiga gajimare ba ya ganin komai.

A tsohon jirgi, layin da ke raba sama da ƙasa a agogon a tsaye yake cak, hoton ɗan jirgi ne ke karkata. In ya kwanta dama, ka ja sandar tuƙi hagu, shi ke nan. A sabon, waɗanda suka ƙera shi sun ga dama su juya abin: ɗan jirgin ne ke tsaye, layin ke karkata. Saboda haka in jirgi ya kwanta hagu, layin sai ya kwanta dama. Idon Tsoho ya ga abu ya kwanta dama, hannunsa ya ja hagu tun kafin kansa ya sa baki, jirgin ya ƙara kifewa, ƙasa ta taso.

Ya gane abin sarai. Zai iya bayyana shi a allo da alli, har yara su tafa. A sararin da ba gajimare bai taɓa kuskure ba. Amma a ce ya runtse ido, Auta ya wurga jirgin cikin hadari, a ce masa buɗe, yana da daƙiƙa biyu: nan hannun ke komawa gidan jiya.

Ya zana agogon a bayan kwali, ya jingina shi da butar shayi a kicin. Yana karyawa yana karkata kwalin, yana jan cokali kamar sanda. Ya liƙa wani a madubin banɗaki. Rannan a kan titi fitila ta ba shi hannu, ya kasa tuna ko dama zai bi ko hagu zuwa wurin da ya yi shekara ashirin yana zuwa, har na baya suka cika shi da oda. Samarin matuƙa, waɗanda ba su da wani tsohon abu da za su manta, sun ƙware tun a zama na biyar suna hira.

A zama na tara ya ci shida cikin goma.

"An samu ci gaba," in ji Auta.

"Ƙwarai. Sau huɗu kawai na mutu."

Suna tsaye a baranda, kowa da kofin roba a hannu. Auta ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Gobe Kwamanda da kansa zai zauna kusa da ni. Sau ɗaya za a jefa ka cikin gajimare, ba maimaici. Yaya, mura nake yi."

"Allah ya sawwaƙe."

"Ba ka gane ba. Mura nake yi, tari yana damuna. In na yi ɗaya, ka ja sanda hagu. In na yi biyu, dama."

Tsoho ya dube shi daga sama har ƙasa. "Wa ya koya maka wannan? A gidana dai ba a yi ba."

"A gidanka na koyi satar makullin mota, wannan ƙaninsa ne." Auta ya yi dariya. "Ka wuce kawai, sauran hannu zai saba a sama. Na san gidan nan, Yaya. Na zo ranar Asabar na same ka kana gardama da littafi. In suka zaunar da kai a tebur, wata shida ba za ka yi ba. Me zan ce wa yayata?"

"Ba ta tambaya yanzu."

"Ni tana tambayata."

Tsoho ya zubar da ragowar shayin a tukunyar fure ya tafi.

Washegari ƙarfe tara ya ɗaure bel, ya sa kwalkwali. Ta gilashi ya hango Kwamanda da fayil a kan cinya, ga Auta kusa da shi da hankici a hannu, don dai a san yana mura. Aka tashi. Jirage biyu na abokan gaba suka ɓullo daga gabas, ya kakkaɓo na farko daga nesa, na biyu ya bi shi har ya gaji ya ba da baya. A gefen damansa kuwa, ɗan baya kaɗan, akwai jirgin rakiya da na'ura ta zana, yana biye da shi duk inda ya juya. A nan hoto ne. A sama, ɗaya daga cikin samarin nan ne zai kasance a wurin, mai sabuwar mata ko mai tsohuwar uwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon motar haya uku ba. Tsoho ya yi ƙoƙarin daina kallonsa, ya kasa.

"Runtse ido," in ji Kwamanda.

Ya runtse. Akwati ya karkata, ya juya, ya sake karkata, har cikinsa ya daina sanin inda ƙasa take. Yana jin numfashinsa a cikin kwalkwali kamar na wani.

"Buɗe. Jirgi naka ne."

Fari fat ko'ina. Agogon tsayi yana zubewa. Sai tari ya zo a kunnensa, ƙarara, ɗaya, biyu.

Dama. Abin da ya rage kawai ya tura sanda. Amma a cikin gajimaren gaske ba mai yi masa tari, kuma yaron nan na gefe zai kasance a inda yake. Tsoho ya so ya sani, sau ɗaya, ko shi kaɗai zai iya. Ya ture tarin gefe, ya kafe agogon da ido don ya karanta da kansa. Layin ya kwanta dama. Yana cikin tuna wa kansa cewa layi ne ba jirgi ba, hannun ya riga ya tafi hagu.

Jirgin ya kife, ya ratsa ta inda na rakiya yake. Allon ya yi baƙi. Aka kunna fitila.

Kwamanda ya yi maganar da ake yi: shekaru na hidima, ƙwarewar da ofis ke bukata, matasa za su amfana. Ya miƙa wa Auta fayil ya sa hannu a matsayin mai koyarwa. Sai da biro ya faɗi ƙasa sau ɗaya kafin ya sa.

A baranda Auta ya cim masa, idonsa ja.

"Makirufon ne, Yaya. Tun jiya yake yankewa, na ce zan gwada shi da safe, na manta. Wallahi na yi. Sau biyu na yi."

Tsoho ya buɗe baki, sai ga Kwamanda ya fito yana neman Auta, matuƙi na gaba na jira. Auta ya goge fuska da hankicin murar ƙarya ya koma ciki.

Tsoho ya ce a ransa zai gaya masa gaskiya ranar Asabar. Auta bai zo ba, ya aiko da saƙo wai aiki ya yi yawa. Asabar ta gaba ma haka. Kafin wata ya ƙare ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi wani sansani mai nisan kwana biyu a mota. Yana kira jefi-jefi, ya tambayi lafiya, ya tambayi ofis, da ya ji Tsoho ya gyara murya sai ya ce ana kiransa. Layin wayar sansani kuma ba wurin da ake irin wannan magana ba ne, in dai ba so ake a kori yaron daga aiki ba.

Teburin yana kusa da taga, daga nan ana ganin jirage suna tashi. Tsoho ya sa an juya masa kujera ta ba tagar baya. Yana tsara wa samari jadawali, yana gyara musu rubutu da fensir, suna tsoronsa daidai gwargwado. Maganar kuwa tana nan a bakinsa, gajera ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba: Auta, makirufonka lafiyarsa ƙalau. Na ji ka.