Furen Filin Gavrila

Tunda ƙafafu suka kwantar da maƙwabcina Gavrila, ya hana kowa sakat. Ya juya dama, ya juya hagu, a buɗe taga, a rufe taga. 'Yarsa za ta zo ranar Lahadi ta tafi da shi birni, kuma duk ƙauye ya san ba dawowa zai yi ba. Abu ɗaya ya kafe a kai: sai ya ga furen ventrilica na filin ciyawarsa da ke saman tudu kafin a tafi da shi.

Wannan ɗan shuɗin furen kuwa bai da haƙuri, kamar mai shi. Kana tsinke shi ya fara zubewa. Matarsa Paraschiva ta hau tudun da gwiwoyinta masu ciwo, ta sauko da tsiraran kara a hannu. Ya ce ai bakin hanya ta tsaya. Washegari ta ƙunso a ɗankwali, ya ce ta kawo masa abincin zomo. Na ji haushinsa, wallahi, amma tausayinta ya fi yawa.

Ranar Asabar na hango ta da shebur da akushin kwaɓa burodi. Na bi ta ina mita. A saman tudun ta yanko ƙasar da furen da saiwa da komai, muka sauko da akushin muna nishi, muka dire masa a kan gado.

A inuwar ɗaki furannin suka tsuke. Dole muka kinkimo tsohon zuwa tsakar gida, yana faɗa har muka zaunar da shi a rana. Can sai suka buɗe. Ya cusa yatsu cikin ƙasar.

"Tsohuwa, rami kika bar min a fili ke nan?"

"Ɗan ƙarami ne, sarkin ƙorafi."

"Ki cike shi. Lauje zai karye a ciki in an zo yankan ciyawa."

Paraschiva ta dube ni. Samarin ƙauyen duk sun tafi ci-rani, ba mai hawa tudun nan da lauje bana, kuma ba na jin akwai mai hawa baɗi. Shi ma ya sani sarai.

"Zan cike," ta ce.

Ranar Litinin, bayan mota ta tafi da shi, na ga Paraschiva ta nufi tudu da akushin ƙasar a kafaɗa.