Shimfiɗar Baƙuwa

Ayoko mace ce mai tsabtar da ta wuce misali, irin wadda ke share tsakar gida sau uku kafin rana ta take. Shekara ashirin da biyu ta yi tana faɗa da mijinta Kangni a kan abu ɗaya: ɓawon kwakwar da yake jiƙawa cikin tsohon kwalekwale a bayan ɗakin girki, ya daka a turminta, ya zuba wa 'yar mesarsa a akwati. Shi Baƙuwa yake kiran mesar. Ita kuwa shara take kiran shimfiɗar.

Da Kangni ya rasu aka watse daga zaman makoki, Ayoko ta tuna alkawarin da ta yi masa cewa Baƙuwa ba za ta wulaƙanta ba. Sai ta kwashe sharar nan ta zubar, ta gangara bakin tekun Aneho ta ɗebo farin yashi, ta tankaɗe shi kamar garin masara, ta shimfiɗa. Akwatin ya yi kyau, wannan ba ƙarya.

Sati uku Baƙuwa ta ƙi ko kallon ɓera. Fatarta ta bushe ta yamutse, saɓar da ta fara ta tsage a hanci ta tsaya cak, idanunta suka yi fari. Tsoro ya kama Ayoko sosai, don a gidan nan babu sauran abu mai numfashi da Kangni ya bari sai wannan.

Foli, yayan marigayin, ya biyo da raga a kafaɗa, ya leƙa akwatin.

"Matar ƙanena, soya ta za ki yi ne? Na ga har kin sa gishiri."

"Yaya Foli, ka bar wasa. Yashi ne mai tsabta, sau biyu na tankaɗe."

"To lasa ki ji."

Ta dangwala yatsa ta lasa, ta ji gishirin teku.

"Wannan 'yar rami ce," in ji Foli. "A ramin gafiya danginta ke kwana, ko cikin suri, inda akwai laima. Ke kuma kin kwantar da ita a kan abin da ke shanye mata ruwan jiki. In fatar idon nan ba ta fita ba za ta makance, daga nan sai ta bi mai ita."

Ayoko ta zagaya bayan ɗakin girki. Kwalekwalen na nan, tsintsiyarta ba ta kai gare shi ba tukuna, da ragowar ɓawon da Kangni ya jiƙa da ruwan sama. Ta daka, ta cika tafinta ta matse har ya daina ɗiga amma bai bushe ba, ta kwashe yashin ta shimfiɗa ɓawon a akwatin. Babu wanda ya koya mata. Ashe duk shekarun da bakinta ke mita, idonta na ɗauka.

Ran kwana na huɗu da hantsi, tana tsintar ƙananan kifi, ta ji motsi. Baƙuwa ta fito daga cikin ɓawon, ta goga hanci a jikin ƙoƙon kwakwa, tsohuwar fatar ta fara naɗewa baya kamar ana cire safa. A hankali take fita daga cikin kanta. Abin da ya fito kuwa Ayoko ba ta taɓa tsayawa ta gani ba: baƙi mai sheƙi, da zanen ruwan zuma, kowane ɗigo a wurinsa, kamar yanzu aka gama halittarta. Ayoko ta durƙusa gaban akwatin ba ta sani ba.

Ta ɗaga saɓar a hasken rana, guda ɗaya daga hanci har wutsiya, har da ƙananan murafen ido biyu garau. Baƙuwa ta ɗago kai ta dube ta da idanu baƙaƙe masu ƙyalli.

Da la'asar maƙwabta suka ga Ayoko tana jan buhun ɓawon kwakwa ta tsakar gidan da ta share, yana zubar da datti a bayanta. Ta juye shi cikin kwalekwalen, ta dafa bakinsa.

"To, Kangni," ta ce, "ka ci gardamar."