Kitson Sallamar Mero

Hajiya Ashatu ba ta taɓa fita neman suna ba, tunda ba fita take yi ba. Sunan ne ya iske ta a tsakar gidanta a unguwar Sabo, can ƙasar Yarabawa, inda take kitso da lalle da gyaran amare tun kafin Naira ta fara ramewa. Takan ɗauki 'yan matan da iyayensu ba su da hali ta koya musu sana'a don Allah, kuma takan tabbatar bayin Allah ma sun ji labari.

Da ta ji Yarabawa masu shagunan gyaran gashi a unguwar Mokola na yi wa 'yan koyo bikin sallama da suke kira firidam, sai ta aro, ta ƙara nata. A ranar, Hajiya kan cire ɗankwali ta zauna a tabarma, yarinyar ta yi mata kitso a gaban matan unguwa. Wadda Hajiya ta ba kanta, kowa zai ba ta nasa. Da haka yaranta suka samu masu zuwa, wasu har daga Akinyele.

A shekarar 1988 ta ɗauki Mero, 'yar Azumi, kuturwar da ke bara a tashar Ojoo. Mero lafiyarta ƙalau, likitan mishan ma ya faɗa, Hajiya kuma ta maimaita wa duk wanda ya shigo gidan. “Ni ba na ƙyamar ɗan Adam,” in ji ta. Sai dai Mero na da kofinta daban, kuma kitsonta bai taɓa wuce kan sauran 'yan koyo ba, waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba.

Ranar sallama na matsowa, Hajiya ta ga tana tuna hannuwan Azumi duk lokacin da ta kalli na Mero. Ta san in ba ta zauna a tabarmar nan ba, babu macen Sabo da za ta miƙa wa yarinyar kai, shekarun koyo sun tafi a banza. Ta sani sarai. Ana gobe biki ta aika Mokola aka kira mata wata makitsiya, suka shige ɗaka, aka yarfa mata shuku ƙanana, irin wanda ke kai wata bai tsufa ba.

Washegari da hantsi mata suka cika gidan. Azumi ta zo cikin zane mai sabon guga, ta zauna can bakin zaure, inda ba wanda ya ce ta zauna, ba kuma wanda ya ce ta matso. Aka yi addu'a, aka raba goro. Mero ta shimfiɗa tabarma, ta jera tsinke da mataji da man kitso, ta durƙusa.

Hajiya ta zame ɗankwali, ta dafa kai kamar yanzu ta gano abin da ke bisansa. “Af. Kun ga mantuwa. Jiya-jiya aka yi mini.”

Binta, maƙwabciyarta, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a bakinta ba, ta leƙa kitson. “Mantuwa mai kyau kuwa, Hajiya. Har da tsaga a miƙe. Ke da kike aiko mana goron gayya tun makon jiya?”

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari. Mero ta dubi kan, ta dubi ƙasa.

“Ba komai, Hajiya,” in ji ta. “Sabo ne, bai kamata a ɓata ba.”

Ta fara mayar da kayan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi kuka da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba, ta tattara ne kamar wadda dama ta zo da shirin tattarawa. Daga bakin zaure Azumi ta ɗaga dungun hannayenta.

“Hajiya, mun gode. Ko a haka kin yi mana. Allah ya saka.”

Da zagi ne, Hajiya na da amsa iri-iri. Godiya ce, kuma da gaske ake yin ta. Ta ji zufa na bin tsagar sabon kitson. Matan duk sun fahimci abin da ta yi, ta kuma san sun fahimta, kowace ta sami abin kallo a farcenta.

“Bar tsinken nan,” in ji Hajiya.

Ta karɓa, ta zauna a tabarmar, ta fara tsefe kanta da kanta. Makitsiyar Mokola ta yi aiki tsakani da Allah, kowane sili sai da ya yi gardama. Ba wadda ta taya ta. Shinkafa ta huce, inuwa ta bar tsakar gida, ita tana ta tsifa a gaban mutanen da ta saba yi wa wa'azin tausayi. Binta ce kaɗai ta yi magana.

“A hankali, Hajiya, kada gashin ya biya laifin wani.”

Da ta gama, Mero ta zauna a kujera bayanta. Yatsun suka sauka a fatar kanta, masu sanyi, masu sauƙi, kamar na kowa. Hajiya ta kama kanta tana riƙe numfashi, ta saki, ta kuma san yarinyar ta ji.

Kitson zane aka yi wa Hajiya, ya yi kyau, aka yi guɗa. Da yamma ta ɗauki kofin Mero ta jefa cikin sauran kofuna, sai ta tuna Mero ta gama, gobe ba za ta zo ba.

Ranar Juma'a Binta ta tura 'yarta ƙarama a yi mata kitso a wurin Mero. Nata kan ta ce sai ta ga yadda na Hajiya ya ƙare. Don haka Hajiya Ashatu ta bar zanen a kanta har ya tsufa ya yi buzu-buzu, kuma duk macen da ta shigo, sai Hajiya ta sami dalilin gyara ɗankwali don a ga kitson.