Gurmin Kawu Jibo a Ofishin Zabuwa

Jiya bayan azahar na kishingiɗa a falo, sai na yi wani mafarki. Na kwanta ne da damuwar saƙon da ya shigo mini: gajeren fim ɗin da na yi a kan maƙeran garinmu, an toshe masa sauti a shafin da na ɗora shi, wai wani kamfani ya ce kiɗan ciki nasa ne. Alhali gurmin marigayi Kawu Jibo ne, ƙanin mahaifiyata, daga kaset ɗaya tilo da ya bari.

A mafarkin ina ɗauke da fim ɗin cikin ƙwarya, na rufe da faifai. In na leƙa, sai in ga maƙeran suna ta dukan ƙarfe, amma ko tari ba a ji.

Ofishin ƙorafi yana tsakiyar kogi. Teburin na tsaye a kan ruwa, takardu a bushe, alƙalami ne kawai ke ta neman a ba shi ruwa. Wata zabuwa mai tabarau ce ke karɓar mutane.

"Malam Lurwanu, kiɗan nan naka ne?" in ji ta.

"Na kawuna ne, ranki ya daɗe."

"To jira. Akwai masu magana."

Duma ya mirgino, ya ce daga cikin yayarsa aka fafe ƙoƙon gurmin. Wani damo ya ɗago kai daga ruwa ya ce fatar kakansa ce aka ja a kai. Ban yi musu ba, don na ga gaskiyarsu. Daga ƙarshe sai ga kamfanin. Babbar riga ce mai aiki, tana tafiya ita kaɗai babu kowa a ciki, hannu ɗaya riƙe da hatimi.

"Mun ji shi, ya yi kama da namu," in ji rigar. "Saboda haka namu ne."

Zabuwa ta ce in ban kawo shaida ba kafin inuwata ta gama shan shayi, fim ɗin zai zama bebe har abada. Na waiwaya. Inuwar tawa ta riga ta kai rabin kofi.

Sai na gan ni a tashar mota. Motocin na zaune a benci suna jira fasinjoji su ɗauke su. Kawu Jibo yana gefe yana ɓare gyaɗa, da hularsa mai karkata hagu, kamar bai taɓa rasuwa ba.

"Lurwanu, ka rame," ya ce. "Me ke cikin ƙwaryar?"

Na faɗa masa komai. Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya saɓa gurmi. Taku ɗaya muka yi, sai ga mu gaban zabuwa.

Kawu ya gai da rigar da ladabi, ya tambaye ta mutanen gida. Sannan ya ce, "Tunda naki ne, ɗan rera mana farkonsa."

Rigar ta kumbura, ta sace. Abin da ya fito daga wuyanta ƙarar buɗe durowa ce. Ta naɗe kanta, ta bi ruwa.

"Duk da haka sai da takardar izini," in ji zabuwa.

"Ban yi boko ba, Hajiya," in ji Kawu.

Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya sauka a kan takardar, ya bushe kamar tawada. Zabuwa ta kara takardar a kunne, ta ce rubutun ya yi kyau. Duma da damo suka ce su dai a sa sunayensu a ƙarshen fim. Na ce wannan mai sauƙi ne.

Na buɗe faifai. Guduma ta sauka a kan uwar maƙera, gurmi ya bi ta a hankali. Muka zauna a kan ruwa muna kallo, har da inuwata, ta ajiye kofin da sauran shayi.

Kawu ya raɗa mini, "Da ka tambaye ni ina raye, da na sake kaɗa maka wurin nan. Na yi sauri."

"Haka nake son sa, Kawu."

Ya yi dariya, ya miƙo mini gyaɗa.

Kankarar tukunya ce ta tashe ni. Matata Talatu tana kicin tana fama da ƙanzon shinkafa. Na daɗe kwance, hannuna a buɗe. Daga nan na lalubo waya na kira Inna Laraba, matar Kawu, na ce mata gobe ina tafe da takarda da biro, neman izinin kiɗan.