Irin da Ba a Rufewa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma surukata Tabawa, matar ɗana, ce ta jawo mini shi. Tun da ɗana Lawandi ya ɗauko ni daga ƙauye, ƙasar da ta rage mini ita ce ɗan filin bayan gidansa, inda nake sa kuɓewa. Tabawa ta karɓe rabi, ta zuba irin wani fure, wai salbiya. Ba a ci, ba a miya da shi. Ta ce kuma kada in rufe irin, a kan ƙasa ake barinsa, haske yake so. Ni Nomau ake koya wa shuka.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari, fartanyata a kafaɗa. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, kowa ya juya lemarsa ƙasa. Na wuce abina. Garin wasu ne.

Yunwa ta kai ni kasuwa. Jan fure ake aunawa a mudu. Mai saye ya zauna ya kalle shi, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Gero kuwa zangarniya ɗaya aka sa a kwalba, mata suna sunsunawa. Na tambayi inda ake sayar da tuwo, aka ce wannan ai adon masu hali ne, a falo ake ajiye shi.

A bayan gari na ga gona, iri ƙanana zube a fili tsirara, rana na dukansu. Kunya ta kama ni. Na sa diddige na rufe guda.

Sai ga ni a ofishin gona. Zabi ne ma'aikatan. Babbansu ya sa tabarau, rigarsa ta ƙi maɓalli saboda tumbi. Ya ce dokar garin ta hana rufe iri. Su suka kafa ta, su ke kuma gadin gonakin. Yana magana yana haɗiya.

"Baba, kana da shaidar cewa kai manomi ne?"

Na miƙa masa tafin hannuna. Ya jujjuya shi, ya ce babu hatimi.

Aka kira mai ba da shaida. Wata ƙwayar gero ta shigo tana dogara sanda, ta rantse na binne kakanninta da ransu, damina bayan damina, ko salla ban yi musu ba. Na ce ai sun tashi, har sun yi 'ya'ya. Babban zabo ya ce wannan laifi na biyu ke nan, don ba a nemi izinin tashinsu ba.

Aka yanke hukunci: a karɓe fartanyata da sauran rabin filin, a ba ni cokalin shayi in riƙa yayyafa wa fure ruwa. Lawandi yana bencin baya yana latsa waya. Na dube shi. Bai ɗago ba ya ce, "Baba, ka bar musu, kuɓewa ai ana sayarwa."

Na ce ubana ya sassaƙa ƙotar nan, wanda zai karɓe ta sai ya haɗa da hannun. Suka yi shawara, suka ce hakan ma ya halatta. Biyu suka kama ƙotar, ɗaya ya hau saran yatsuna, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na farka. Gari ya waye. Kajin maƙwabta ne a bayan tagata, sun sauka kan salbiyar Tabawa suna tsincewa. Na ɗan ƙara kwanciya ina saurare. In sun cinye, filin ya dawo mini. Amma iri iri ne, ko na banza. Na fita na jefe su da takalmi, na bi abin da ya rage na rufe shi kaf, yadda ake yi.

Ko ya fito ko kada ya fito, an dai yi masa sutura.